Zumunci a Ƙafa Yake: Tarukan Al'umma da Ɗinke Ɓarakar Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta dubi rawar da tarukan al'umma ke takawa wajen dawo da zaman tare a birnin Kaduna, wanda rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba mazaunansa gida biyu, kogi a tsakani. An karkasa tarukan zuwa kashi uku: na shugabanni da yarjejeniya, na bukukuwan addini, da na sana'a da wasa. An auna su da ra'in cuɗanya na Allport, da nazarin Varshney kan biranen Indiya, da gwajin da Scacco da Warren suka yi a cikin Kaduna kanta. Takardar ta tsaya a kan cewa taro yana amfani ne gwargwadon alaƙar da ya bari a baya, wato mutanen da suka san juna da suna, masu aiki ɗaya a gabansu, waɗanda za su iya kiran juna a ranar da jita-jita ta tashi. Daga nan aka kawo shawarwari kan wurin taro, da mahalartansa, da yadda za a auna nasararsa.

1.0 Gabatarwa

Kaduna ba ta rasa tarukan zaman lafiya ba. Gwamnati na shiryawa, ƙungiyoyin addini na shiryawa, ƙungiyoyi masu zaman kansu ma haka. Ranar 21 ga Satumba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don zaman lafiya, ana tattaki da laccoci. Makon farko na Fabrairu, wanda majalisar ta ware tun 2010 don jituwar mabiya addinai, shi ma ana raya shi. Duk da haka, mai neman haya a garin nan har gobe yakan fara tambayar su wa ke zaune a unguwa kafin ya tambayi kuɗin ɗaki.

Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: a cikin waɗannan taruka, wanne ne ke sauya yadda mutane ke zama da juna, kuma ta wace hanya? Amsar na da muhimmanci, domin kuɗi da lokacin da ake kashewa a kansu ba kaɗan ba ne, kuma rayuka ne ke salwanta duk ranar da zaman ya ɓaci. Takardar ta dogara da ayyukan masana da aka buga da kuma abubuwan da suka faru a bainar jama'a a birnin.

2.0 Birnin da kogi ya raba

Kaduna gari ne na baƙi tun asalinsa. Turawan mulkin mallaka sun mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917, sai jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati suka jawo mutane daga ko'ina. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙu suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Fijo a 1975 da matatar mai a 1980. Dubban ma'aikata, Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Banufe da Bayarabe da Ibo, suna shiga ƙofa ɗaya da jiniya ɗaya, suna cikin ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suna haya a gida ɗaya. Ba a kira wannan da sunan aikin zaman lafiya ba, amma shi ne ya riƙe garin shekaru da dama.

Tsagewar ta fara bayyana da rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya watsu zuwa Kaduna da Zariya, sai na Zangon Kataf a Mayun 1992. Mafi muni shi ne na Fabrairu da Mayun 2000 kan batun shari'a, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 sun rasu. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ci rayuka kimanin 250. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011 ya hallaka fiye da mutum 800 a jihohin Arewa, akasarinsu a jihar Kaduna.

Bayan kowane rikici sai ƙaura ta biyo. Musulmi suka tattara a Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Badarawa da sauran unguwannin arewacin kogi, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora. An yi musayar gidaje, an sayar da wasu a wulaƙance. 'Yan unguwanni kamar Barnawa ne suka ci gaba da zama a gauraye. A daidai wannan lokaci masaƙu suka durƙushe: Kaduna Textiles ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Garin ya rasa maƙwabtaka da wurin aiki na tarayya kusan a lokaci guda. Yaron da aka haifa a Rigasa ko Sabon Tasha bayan 2000 yana iya gama sakandare bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Wannan giɓi ne ake so tarukan al'umma su cike.

3.0 Ra'in nazari

Allport (1954) ya nuna cewa cuɗanya na rage ƙyama tsakanin jama'a idan sharuɗɗa huɗu suka cika: mahalarta su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare don cimma burin, kuma hukuma ko al'ada ta goyi bayan haɗuwar. Haɗuwa kurum ba ta isa ba, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne.

Varshney (2002) ya kwatanta biranen Indiya masu kusan yawan Musulmi da Hindu iri ɗaya, kamar Aligarh mai yawan rikici da Calicut mai zaman lafiya. Ya gano cewa inda ake da ƙungiyoyin da suka haɗa ɓangarorin biyu, na 'yan kasuwa da ma'aikata da makamantansu, jita-jita kan mutu kafin ta zama tarzoma. Gaisuwar yau da kullum tana da amfani, amma ƙungiya mai shugabanni da maslaha ta tarayya ta fi jure girgiza.

Aiki na uku ya fi kusa da gida. Scacco da Warren (2018) sun yi gwaji da samari fiye da 800 na unguwannin Kaduna, inda aka koya wa wani kaso daga cikinsu kwamfuta na mako 16, wasu a aji mai gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya. Sakamakon ya zo da darasi biyu. Na farko, ra'ayin samarin game da mabiya ɗaya addinin bai sauya ba. Na biyu, da aka gwada su da rabon kuɗi, 'yan aji mai gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci ga wanda ba nasu ba, kuma waɗanda aka tara su ya-su-ya-su sun fi ma waɗanda ba su shiga horon ba nuna bambanci. Ke nan hali yana iya gyaruwa tun kafin zuciya ta sauya, kuma shirin alheri da aka yi wa ɓangare ɗaya shi kaɗai yana iya ƙara kaurin katangar.

4.0 Nau'o'in taruka a Kaduna

4.1 Tarukan shugabanni da yarjejeniya

Fitaccen misali shi ne Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kiristoci 11, suka sa wa hannu ranar 22 ga Agustan 2002 a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Waɗanda suka yi ɗawainiyarta su ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Mutanen biyu sun jagoranci matasa a ɓangarori masu gaba da juna a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna.

Wata uku bayan sa hannun sai rikicin Nuwamba ya ɓarke. Masu suka sukan kafa hujja da wannan su ce takarda ba ta kashe wuta. Gaskiya ne, amma labarin bai ƙare a nan ba. Daga ƙarshen 2002 zuwa 2011 birnin bai sake ganin babbar tarzoma ba, alhali a Mayun 2004 rikicin Yelwa ya haddasa ramuwar gayya a Kano, kuma a Fabrairun 2006 zanen ɓatanci na Denmak ya jawo kashe-kashe a Maiduguri da Onica. Ba za a jingina wannan natsuwa ga yarjejeniyar ita kaɗai ba. Gwamnatin Maƙarfi ta ƙirƙiri sababbin masarautu a kudancin jihar, ta tsara kotunan shari'a da na gargajiya kowa da nasa, an ƙara tsaro, kuma rabuwar unguwanni ita kanta ta rage wuraren arangama. Abin da yarjejeniyar ta ƙara shi ne sanayya: limamai da fastoci da suka zauna tare har suka iya fitowa tare a rediyo da talabijin su kwantar da hankalin mabiyansu. A kan wannan turba aka samu majalisar mata mabiya addinai a 2010, da cibiyar da Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Kiristocin Nijeriya suka buɗe tare a 2016, da Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017.

Raunin wannan nau'i a bayyane yake. Akan yi shi a zauren otal, manya a babban teburi, jawabi bayan jawabi, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota, a watse. Fuskokin da ke zuwa sukan zama su ne dai na bara, mutanen da tun farko ba su da niyyar faɗa. Saurayin da zai tare hanya ranar rikici ba ya cikin zauren.

4.2 Tarukan bukukuwan addini

Kafin rabuwar unguwanni, ba sai an shirya taro ba. Ranar Babbar Salla yara ne ke zagayawa da naman layya gida-gida, har gidan maƙwabci Kirista. Ranar Kirsimeti shinkafa da miya da cincin su dawo ta hanya ɗaya, har wasu magidanta Kiristoci kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya don kowa ya iya ci. Da maƙwabtakar ta watse, sai wannan al'ada ta koma abin da ake shiryawa da gangan.

Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha ya shahara da haka. Shekara da shekaru Musulmi na halartar bikin Kirsimeti a cocinsa, shi kuma yana zuwa Mauludi, yana kai hatsi ga mabuƙata da azumi. Buɗa-bakin haɗin gwiwa ma ya yaɗu. Wanda ya halarci irinsa a unguwa ya san yadda yake: tabarmi a ƙofar gida, dabino da kunun tsamiya da ƙosai, baƙi Kiristoci suna jira tare da masu azumi har a kira salla, sannan su zauna gefe su tsare takalma da hira har a idar. Wannan ɗan jiran yana koyar da abin da lacca ba ta koyarwa, domin baƙo ya ga ibadar maƙwabcinsa da idonsa, ya kuma ga an karrama shi. Irin wannan ruhi ne aka gani a zanga-zangar cire tallafin mai ta Janairun 2012, lokacin da Kiristoci suka yi wa Musulmi zobe suna salla.

Sai dai nau'in na da iyaka. Sau ɗaya ko biyu ake yi a shekara, kuma yakan rataya a wuyan mutum ɗaya mai ƙwazo. Akwai kuma malamai da fastoci da ke ganin halartar bikin wani addini ya saɓa wa aƙida. Bai kamata a ɗauki masu wannan ra'ayi a matsayin maƙiyan zaman lafiya ba. Wanda ba zai shiga coci ko masallaci ba yana iya zuwa gaisuwar mara lafiya, ko ta'aziyya, ko aikin gayya. Hikimar mai shirya taro ita ce ya buɗe ƙofar da kowa zai iya shiga ba tare da ya ji ya taɓa imaninsa ba.

4.3 Tarukan sana'a da wasa

Nau'i na uku bai cika ɗaukar sunan zaman lafiya ba, kuma a ganin wannan takarda shi ne mafi ƙarfi. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da Panteka da tashoshin mota suna tara mutanen kudu da arewacin kogi kowace safiya. Akwai bashi a tsakaninsu, akwai adashi, akwai yaron shago da maigidansa. Kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a hanyar Zariya, da wasannin filin Ahmadu Bello da dandalin Murtala, da bikin littattafai da fasaha da aka fara a 2017, da gudun fanfalaki na 2020, duk suna fito da mutane daga unguwanninsu saboda wani abin da suke so.

A nan sharuɗɗan Allport suke cika da kansu. 'Yan ƙungiyar ƙwallo ɗaya matsayinsu ɗaya, burinsu ɗaya, kuma dole su miƙa wa juna ƙwallo. Amma tsarin wasan shi ne komai. Gasar da aka haɗa unguwar Musulmi da unguwar Kiristoci a matsayin abokan karawa tana iya ƙarewa da jifa. Wadda aka gauraya 'yan wasa a kowace ƙungiya, suka yi atisaye tare na watanni, ita ce ke haifar da abota. Binciken Mousa (2020) a Iraƙi ya nuna haka: Kiristocin da suka buga a ƙungiya ɗaya da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su, ko da yake sauyin bai kai ga baƙin da ba su sani ba. Wannan gargaɗi ne ga masu zaton ƙwallo kaɗai za ta warkar da gari.

5.0 Ranar jita-jita

Mazauna Kaduna sun san yadda abin ke farawa. Wani ya ce an ce an taɓa wani a gada. Cikin minti kaɗan ƙofofin shaguna na rufuwa a kasuwa, iyaye na rige-rigen kwaso yara daga makaranta, masu Keke Napep sun ƙi tsallaka kogi, waya na ta ƙara ana tambaya, “Lafiya a wajenku?” Yanzu da WhatsApp da Facebook, hoton wata ƙasa ko na shekarun baya yakan zagaye gari kafin jami'an tsaro su iso. A Oktoban 2018 an ga yadda rikicin Kasuwan Magani ya tsallako cikin birni har aka sa dokar hana fita.

Tsakanin tashin jita-jita da jifan farko akwai ɗan lokaci, kuma a cikinsa ake gane amfanin duk tarukan da aka yi. Idan shugaban matasan Tudun Wada yana da lambar takwaransa na Sabon Tasha, kuma sun saba har zai gaskata shi in ya ce ƙarya ne, to magana ta mutu. Idan mai unguwa da liman da fasto za su iya tsayawa tare a bakin titi, samari sukan ja da baya. Wannan amana ba a ƙulla ta ranar da ake buƙatarta. Saboda haka ma'aunin da takardar ke ba da shawara shi ne a tambayi kowane taro: mutum nawa ya haɗa da ba su san juna ba, kuma bayan wata shida nawa ne cikinsu ke hulɗa har yanzu?

6.0 Inda gizo ke saƙar

Akwai cikas huɗu da ke rage tasirin tarukan. Na farko, dogaro da tallafin waje, wanda ke sa shiri ya mutu ranar da kuɗin ya ƙare. Na biyu, siyasa: taron da ɗan takara ya ɗauki nauyinsa dab da zaɓe yakan rasa amincewar rabin gari. Na uku, barin mata da matasan bakin titi a baya, alhali mata ne ke riƙe da zumuncin biki da suna da kasuwa, matasan kuma su ake turawa gaba in an tashi ɓarna. Na huɗu shi ne mafi nauyi, wato rashin hukunci. Kwamitocin bincike sun zauna bayan rikice-rikice da dama, amma kaɗan ne daga masu laifi suka fuskanci shari'a. Wanda aka kashe masa ɗa, ko aka ƙone masa shago, yana ganin wanda ya aikata yana yawo, ba zai gamsu da shan kunu tare ba. Taro na iya share fagen yafiya, amma ba zai maye gurbin adalci da aikin yi ba.

7.0 Shawarwari

1. A fitar da taruka daga otal zuwa unguwanni, a riƙa karɓa-karɓa tsakanin kudu da arewacin kogi, yadda kowa zai zama baƙo yau, mai masauki gobe.
2. Duk shirin koyar da sana'a ko tallafin matasa da gwamnati ko wata ƙungiya za ta yi, a gauraya mahalartansa da gangan, a kuma ajiye shi a wurin da ɓangarorin biyu za su iya zuwa ba fargaba.
3. A fifita shirin da ke maimaituwa mako-mako a kan gagarumin biki na rana ɗaya: gasar ƙwallo mai gaurayayyun ƙungiyoyi, yashe magudanan ruwa kafin damina, dashen itatuwa, adashin mata 'yan kasuwa.
4. A jawo ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da masu Keke Napep da makanikai cikin tsarin gargaɗin gaggawa na Hukumar Zaman Lafiya, domin su ne ke tsallaka kogi kullum.
5. Kowane taro ya ƙare da aiki ɗaya da aka ɗora wa mutane sanannu, da ranar da za a dawo a ji inda aka kwana.
6. Jami'o'i da kwalejojin jihar su ɗauki nauyin bibiyar waɗannan shirye-shirye, don a san wanda ya yi amfani da wanda bai yi ba.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa zaman taren da Kaduna ta sani a da ya ginu ne a kan masaƙa da gidan haya da kasuwa, kuma rikici da durƙushewar masana'antu sun rushe biyu daga cikin ukun. Tarukan shugabanni sun samar da murya ɗaya a lokacin tashin hankali. Tarukan bukukuwa sun raya karamcin da ƙaura ta yanke. Tarukan sana'a da wasa su ne suka fi kusa da mayar da abin da aka rasa, domin suna maimaituwa kuma kowa na da abin da zai samu. Babu nau'in da zai wadatar shi kaɗai, kuma dukkansu suna buƙatar hukuma mai hukunta mai laifi ko daga wane ɓangare yake. Yaran da aka haifa bayan 2000 yanzu su ne magidanta, su ne kuma masu jefa ƙuri'a. Ba su ga Kadunar da iyayensu ke ba da labarinta ba, don haka ba za a ce su tuna da ita ba. Abin da ya rage shi ne a samar musu da dalilan tsallaka gada a kai a kai, a aji da fili da kasuwa, har su san juna da suna. Wannan aiki ne na hukuma da malamai da fastoci da shugabannin sana'a, kuma kowane taro da za a shirya daga yau ya kamata a auna shi da wannan mudu.